Ƙasar da Ke Aljihun Kawu

Kawu ya rasu wata Talata da hantsi, ina ofis aka kira ni a waya. Kafin in iso Yakasai lungun gidan ya cika, masu babura sai juyawa suke suna neman wata hanyar. Aka yi masa sutura bayan azahar, muka dawo zaman makoki.

Mutane sun zo kala-kala, amma akwai wasu da 'yan unguwa suka rasa inda za su ajiye su. Dattawa ne wajen goma sha biyar, wani da sanda, wani da tumbi, wani da ƙaton tabarau, sun jeru a tabarma ɗaya ba sa magana da kowa sai junansu. Can gefe kuma ga wasu 'yan Indiya biyu a tsaye, sun harɗe hannuwa, an ba su wurin zama sun ƙi. Wani maƙwabcinmu ya matso ya raɗa mini, "Malam, waɗancan fa? Marigayi ya taɓa zaman ƙasar waje ne?"

Na ce, "A'a, abokan wasansa ne."

Ya ƙura mini ido. "Wasa kuma? Mutum ya haura saba'in?"

Liman ya ce shi dai abin da zai shaida shi ne bai taɓa duba sahun gaba da asuba ya rasa Kawu ba. Sai ya ɗan yi murmushi ya ƙara da cewa, "Sai dai ranar Asabar, kafin in shafa addu'a ya kai bakin ƙofa." Mutane suka yi irin dariyar nan ta wurin makoki, wadda ake haɗiye rabinta.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne amininsa, wanda muke kira Baba na Ƙofar Ruwa. Tare suka shiga makaranta, tare suka fita, kuma ya shekara goma sha wani abu ba ya gani. Aka jawo shi aka zaunar kusa da ni. Ya juyo wajena ya ce, "To, ya tafi bai amsa ba. Ƙwallon nan wallahi ta taɓa katakonsa, ni na cafe ta." Gardamar wani wasa ce da suka yi suna 'yan aji uku, sun shekara sama da hamsin suna yin ta. Yana gama faɗar haka ya ja hularsa ya rufe fuska, kafaɗunsa suna rawa.

A cikin gida kuwa, ranar uku, Umma, wato mahaifiyata kuma ƙanwar Kawu, tana ninke tufafinsa ta ci karo da hankici a ƙulle cikin aljihun riga. Ta kwance, sai ga curin jar ƙasa kamar ƙwan zabo. Mata suka fara kallon juna, wata ta ce ko laƙani ne aka ba shi don cin wasa. Umma ta kawo mini shi zaure tana tambaya, na ce mata, "Umma, da laƙani ne da mun fi haka ci." Mu abokan wasansa duk mun san Kawu da yawo da ƙasa a aljihu, mun ɗauka tsufa ne da son abu. Matarsa, wadda muke kira Inna, ta aiko a mayar mata da hankicin.

Ina rubuta wannan ne don kada labarin ƙasar nan ya bi shi kabari. Akwai kuma wata magana da na yaɓa masa a gaban mutane, na yi ta jiran lokacin da ya dace in janye ta, har lokacin ya ƙare.

Kawu tsohon ma'aikacin safiyo ne. A makarantar sakandaren da ya yi, wadda ni ma na yi bayansa da shekaru masu yawa, a nan aka koya musu wasan kurket. Da suka fita suka kafa ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, su ne suka riƙe wasan har ya zo kanmu. Ga wanda bai san shi ba: ana kafa turaku uku, mutum ɗaya ya tsaya a gabansu da faffaɗan katako yana kare su, wani ya rugo da gudu ya jefo ƙwallon fata mai tauri kamar dutse. Ƙwallon takan fara dira a ƙasa kafin ta iso mai bugu. In ƙasar ta yi sumul, za ta tashi yadda aka saba. In akwai tsaga ko tudu, za ta iya tashi ta nufi haƙoranka. Saboda haka wasan gaba ɗaya yana kan wani siririn zirin ƙasa ne mai tsawon yadi ashirin da biyu a tsakiyar filin makaranta, wanda ake shimfiɗa wa doguwar tabarmar igiya ranar wasa.

Wannan zirin shi ne gonar Kawu. Duk bayan damina zai tone samansa, ya kawo jar ƙasa da ƙasar suri, ya durƙusa da madaɓi ya yi ta duka yana yayyafa ruwan makuba, irin yadda iyayenmu mata suke daɓe ɗaki kafin siminti ya zo. Shi kaɗai yake yi. Mukan zo ranar wasa da fararen kaya a goge mu tarar komai ya kintsu, mu ce, "Sannu da ƙoƙari, Kawu," mu wuce.

Ba a hawa masa wurin da takalmi. Akwai shekarar da muka gayyato wani babban mutum, ya zo da jiniya da 'yan rakiya, ya miƙe zai ratsa ta tsakiya. Kawu ya tare shi ya ce, "Ranka ya daɗe, a tuɓe takalmi ko a zagaya." Mutumin ya dube shi, ya dubi 'yan rakiyarsa, ya zagaya. Mu da muka gayyato shi muka rasa inda za mu sa fuskarmu, Kawu kuwa har ya koma yana tsince ƙananan tsakuwa.

Maganarsa kullum ɗaya ce in mutum zai shiga bugu: "Bar kallon fuskar mai jifa, ba ita za ta doke ka ba. Kalli ƙasa." In aka fitar da kai ka dawo kana ƙorafin alƙalin wasa, zai bar ka ka gama, sannan ya ce, "Ka sha ruwa tukuna." Mun sha kashi a hannun 'yan Zariya, mun sha a hannun 'yan Kaduna, 'yan Indiyan nan kuwa ba a magana. Bai taɓa damuwa ba. In baƙi suka yaba ƙasar kafin su tafi, ranar har gida yana 'yar waƙarsa a kan Vespa.

Vespar nan ma tana da nata aikin. Tun da Baba ya rasa idonsa, Kawu bai bari ya zauna a gida ranar Asabar ko sau ɗaya ba. Zai bi ta Ƙofar Ruwa ya ɗauko shi, ya zaunar da shi a kujera ƙarƙashin bishiyar darbejiya, ya riƙa gaya masa abin da ke faruwa. Daga baya Baba ya daina buƙatar bayani. Da jin sautin ƙwallo a ƙasa da sautinta a katako zai ce, "Wannan yaron ya yi saurin kai duka," kuma haka ɗin ne. Yaron da yake nufi likita ne mai jikoki.

A farkon kakar wasa ta bana shugaban makarantar ya kira mu. Mutumin kirki ne, kuma gaskiya ya faɗa mana. Ɗalibai sun yi yawa, filin ya yi musu kaɗan, ga zirinmu a tsakiya an kewaye shi da igiya, masu ƙwallon ƙafa sai kauce masa suke. Ya ce wasa huɗu muka ce muna da su bana. In muka kammala su lafiya, ya ga wurin yana da masu kula da shi, zai bar mana, har ma ya sa kurket cikin wasannin makaranta. In ba haka ba zai sa a baje shi, kowa ya huta.

Muka yi taro a zauren Kawu. Ni ne sakatare, kuma na zo da magana a bakina. Akwai wani ɗan ajinmu da muke kira Injiniya, mun riga mun gama shawara da shi a mota. Ya tashi ya ce a zuba kankare a wurin kawai, a shimfiɗa tabarma a kai, shekara ashirin ba mai sake durƙusawa. Kawu ya ce ƙwallo ba ta tashi a kan siminti yadda take tashi a kan ƙasa. Aka yi ta ja. Ni kuma da na ga muna da rinjaye sai bakina ya fi ƙarfina. Na ce, "Kawu, mu faɗi gaskiya. Wannan daɓen aikin mata ne, matan ma sun daina. Dattijo kamarka a durƙushe a tsakiyar fili, ɗalibai suna leƙe ta taga, mu kunya muke ji."

Kawu ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar. Ya ce, "Aikin mata ne mana, wa ya ce maka ba shi ba ne? A kan daɓen kakarka ka koyi tafiya, ban ji ka ce kunya kake ji ba." Ya juya wajen sauran ya ce su ba shi wannan shekarar kawai, baɗi su zuba abin da suka ga dama. Aka tashi a haka, kowa yana neman takalminsa ba tare da ya kalli kowa ba.

Ya yi daɓen shi kaɗai, kamar kullum, sai dai bana ya ɗauke shi kwana biyar maimakon uku. A rana ta huɗu na bi ta bayan makarantar zan tafi aiki. Ta inda katanga ta rushe na hango shi a durƙushe, ya naɗe hannun riga, yana ɗaga madaɓi yana saukewa a hankali, Baba yana zaune gefensa da buta. Na rage gudu. Wallahi har na sa sigina zan tsaya, sai na tuna da taron da nake da shi ƙarfe tara, na wuce. Ban tuna abin da aka tattauna a taron nan ba, amma durƙuson nan har yau ina ganin sa.

Wasan farko da 'yan Zariya ne. Kawu ya daɗe da barin bugu, shi ne alƙalin wasa. Na shiga, ƙwallo ta uku ta doki ƙafata a gaban turaku, ya ɗaga yatsa ya fitar da ni ko ƙiftawa bai yi ba. Na fito ina huci, na tabbata ramuwa ce. Da aka tashi hutun rabin lokaci sai ga shi ya zo ya zauna kusa da ni, ya zaro dabino uku ya sa mini a hannu. Ya ce, "Ƙafarka ta hagu tana riga ka shiga. Tun kana ɗan aji ɗaya nake gaya maka." Shi ke nan, bai tayar da zancen zaure ba. Na ce a raina Asabar mai zuwa zan je gida in durƙusa in ba shi haƙuri yadda ya kamata. Talatar da ta biyo baya aka kira ni a waya.

Bayan sadakar bakwai muka yanke shawarar ci gaba da wasannin, don mun san abin da zai so ke nan. Ni na karɓi ɗauko Baba. Wasa na biyu ya wuce lafiya, daɓen Kawu yana nan da ƙarfinsa. Abin da ba mu sani ba shi ne, tsakanin wasa da wasa yakan koma ya yi masa yayyafi, ya bi tsagogi ya liƙe. Mu mun ɗauka sau ɗaya ake yi a shekara.

Ranar wasa na uku, da 'yan Kaduna, ana jefa ƙwallon farko Baba ya kama hannuna ya ce, "Ƙasar nan ta sake murya. Akwai rami a ƙarƙashin tabarmar nan." Na ce masa ba komai, Baba. Ba a yi rabin awa ba ƙwallo ta dira ta yi tsalle ta sami wani baƙo a saman gira. Jini ya ɓata masa farar riga, Likita, mai jikokin nan, ya ɗinke wurin a bayan motarsa, aka tashi wasan. Allah ya kiyaye idon. Baƙin ba su yi faɗa ba, kyaftin ɗinsu dai ya ɗaga gefen tabarmar ya duba, ya ce, "Allah ya ji ƙan Malam." Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Shugaban makaranta ya ce ba zai jira a fasa idon wani a filinsa ba. Ya ba mu wata guda mu gyara mu buga wasan ƙarshe, ko kuwa mu kwashe igiyoyinmu. Injiniya ya ce to yanzu sai kankare. Shugaban ya ce, "Kankare a tsakiyar filin da ɗalibai ke faɗuwa kullum? Ai marigayi ya san ba zan yarda ba, mun yi maganar da shi tun bara." Muka dubi juna ni da Injiniya. Ashe Kawu yana da amsar da za ta rufe mana baki a zauren nan, ya zaɓi ya bar mu da mutuncinmu.

Sai muka ce to mu yi daɓen da kanmu, ai ba wani abu ba ne, ƙasa ce da ruwa da duka. Kuma tunda mu manya ne masu abin yi, Asabar ɗaya ta isa. Injiniya ya kawo tifar ƙasa da tankar ruwa da rolar da ake danne kwalta da ita. Muka malala ruwa har wurin ya zama taɓo, aka bi da rola gaba da baya da tsakar rana, muka tsaya muka ɗauki hoto. Ya yi kyau ƙwarai ranar. Bayan kwana uku na koma na tarar ya tsattsage kamar gindin kududdufi da rani, har yatsana yana shiga. Na zauna a gefen wurin da kayan ofis a jikina, na ji tsoro sosai. Abin da mutum ɗaya ya riƙe sama da shekara arba'in, mu goma sha wani abu mun kashe shi cikin wata biyu.

Da yammar ranar na bi ta Yakasai in gaishe da Inna. Tana takaba, ba ta fita, Umma tana taya ta zama. Na tsuguna a bakin ƙofar ɗaki, ita tana ciki bayan labule. Muka gaisa, na yi mata ya ƙarin haƙuri. Har zan tashi sai ta ce, "Yaya filin?"

Na yi mamaki, don ban taɓa jin ta ambaci wasan ba. Na ce, "Inna, sai addu'a."

Ta ce, "Ka zo da ƙasar?"

"Wace ƙasa, Inna?"

"Ta wurin mana. Da me zan gane abin da kuka yi?"

Akwai ɓarɓashi a maƙale a takalmina, na kankaro shi na miƙa wa Umma ta shigar mata. Sai na ji ƙarar murza abu tsakanin yatsu. Sannan ta ce, "Kun shayar da ita lokaci ɗaya kamar kuna kashe gobara. Kuma ba suri a ciki, ba makuba. Wa ya gaya muku ana daɓe da rana tsaka?"

A nan na ji labarin. Gidan su Inna gidan madaɓa ne, kakarta da uwarta su ake kira in za a yi wa amarya ɗaki a unguwarsu. Da aka kawo ta gidan Kawu, ita ta daɓe ɗakinta da hannunta. Ta ce, "Ina amarya, ina jira ya shigo ya yaba jere, sai ya shigo da wata jar ƙwallo a hannu. Ya sake ta a ƙasa ta dawo hannunsa. Ya sake, ta dawo. Ya tsaya yana kallon daɓe, ni ko kallo ban ishe shi ba. Ya ce, wa ya yi wannan?" Umma tana dariya tana share hawaye. Tun daga ranar ita ta koya masa, kuma duk Alhamis a lokacin wasanni zai ƙullo ƙasar wurin a hankici ya kawo mata. Ta murza, ta sansana, ta ɗiga mata ruwa ta ga yadda take sha, ta ce masa a ƙara suri, ko a bar ta ta huta kwana biyu.

Na ce, "Inna, me ya sa bai taɓa faɗa mana ba?"

Ta ce, "Ni na hana shi. Ban so a riƙa yawo da sunana a bakin maza a filin wasa. Ya so ya faɗa, ba sau ɗaya ba."

Na sunkuyar da kai. Na ce mata akwai maganar da na yi masa a zaure, ban samu na nemi gafara ba. Ta ce ta sani, ai a daren ya shigo yana ba ta labari. Na tambaye ta ko ransa ya ɓaci.

"Dariya ya yi ta yi har da tari. Ya ce, yaron nan ya faɗi gaskiya bai san ya faɗa ba."

Ban san lokacin da kuka ya ƙwace mini ba. Na yi shi sosai a bakin ƙofar nan, da furfurata, su biyu suka ƙyale ni har na gama. Sannan Inna ta ce, "To ya isa. Kwana nawa ya rage muku?"

Sha tara suka rage. Ta sa aka sauko da madaɓin Kawu daga saman rumfa, aka kai wa masassaƙi ya yi mana guda takwas irinsa. Ta aika kasuwa aka sayo ɓawon ɗorawa, aka jiƙa a tsohuwar randarta har ruwan ya yi duhu, makubar ke nan. Muka kankare aikin rola gaba ɗaya, muka nemo ƙasar suri a bayan gari, muka tankaɗe ta da rariya. Dokokinta ba su da yawa amma ba ta sassauta ko ɗaya ba. Daga an idar da sallar asuba a fara, rana tana ɗagawa a tsaya. Ruwa da tafin hannu ake yayyafawa. Daga gefe ake fara duka a nufo tsakiya. In an tashi a rufe da tsofaffin tabarmi kada rana ta taɓa.

Ka ga Likita, da Injiniya, da wani tsohon manajan banki, da ni, mun jeru a kan gwiwa. Ranar farko kowa yana dukan nasa, wurin ya yi tudu da kwari. Umma ta ce ai shi ya sa mata suke waƙa, don hannu ya sauka tare. Ta rera mana ɗaya a waya, muka saurara, ba wanda ya yarda ya fara. Sai Baba ya ce a ba shi sandarsa. Ya zauna yana buga ta a jikin kujera, mu kuma muna saukewa tare da shi, in wani ya kuskure ya kira sunansa, don yana ganewa da kunne. Masu wucewa suna tsayawa a inda katanga ta rushe suna kallo. Kwana biyu na farko na ji kunya, daga nan ciwon baya ya mantar da ni.

Kullum in an tashi ni nake kai wa Inna ƙasar a cikin leda. Sau huɗu tana mayar da ni. Ta farko ta ce ruwa ya yi yawa. Ta biyu ta ce akwai wanda yake duka da ƙarfin tsiya yana fasa ta, na san Injiniya ne amma na rufa masa asiri. Hannuwanmu suka yi bororo suka fashe suka yi kanta. A karo na biyar ba ta mayar da ni ba. Sai ta ce, "Ku ba ta makuba ta ƙarshe, ku bar ta kwana biyu, ku shimfiɗa."

'Yan Kadunan nan muka sake gayyata, suka zo, har da mai tabo a gira, kuma shi ya ce zai fara bugu. Na zaunar da Baba a ƙarƙashin darbejiya na tsaya kusa da shi. Aka jefa ta farko. Baba ya karkata kai yana saurare. Aka jefa ta biyu, mutumin ya tare ta a tsakiyar katako. Baba ya lalubo hannuna ya matse, ya ce, "Daɓen gidan marigayi ne."

Mun sha kashi, kamar yadda muka saba. Ba wanda ya ji ciwo. Da aka naɗe tabarmar, shugaban makaranta ya zo zai duba, yana isa bakin igiya ya tsaya ya tuɓe takalminsa ba tare da kowa ya ce masa ba. Ya taka daga wannan kai zuwa wancan ya dawo, ya ce mu bar igiyoyinmu inda suke. Ya ce malamin wasanni zai zo ya same mu zango mai zuwa, amma da sharaɗin duk ɗalibin da za a ba katako a fara ba shi madaɓi. Injiniya ne ya fara cewa ya yarda.

Allah ya ji ƙan Kawu, ya yafe masa, ya yalwata masa makwancinsa, ya sa ƙasar da ya kwanta a ciki ta yi masa laushi. Ya yi mana gyara shekara da shekaru ba mu sani ba, Allah ya gyara masa nasa.

Da Inna ta fita takaba, ta gama zagayen 'yan uwa, sai ta aiko in zo da mota. Na ɗauka asibiti za mu. Ta ce in kai ta ta ga wurin. A hanya ne na gane cewa ba ta taɓa ganin sa ba, ko sau ɗaya.

Ranar Lahadi ce, ba kowa a makarantar sai mai gadi. Ta sauko a hankali, Umma tana riƙe da ita. Na ɗage tabarmin da muka rufe shi da su. Ta tsaya tana kallo, ta ce, "Ashe ɗan wannan ne? Yadda yake ba da labari na ɗauka ya kai daga nan zuwa Ƙofar Mata." Muka yi dariya, ita ma ta yi, sannan ta ja bakin mayafi ta goge ido.

Ta tuɓe takalmi ta hau. Tana tafiya tana danna diddige, ta tsaya, ta ci gaba, har ta kai ƙarshe. A kusurwar hagu ta dawo da baya ta sake dannawa.

"Nan wa ya yi?"

Na ce, "Ni ne, Inna."

"Ka yi sauri. Shi ma nan yake yin sauri, don ta nan rana take fara zuwa."

Ta sunkuya da ƙyar ta ɓantari ɗan ƙasa a gefe. Ta kwance bakin zaninta ta fito da hankicin nan, an wanke shi an goge, ta ƙulle ƙasar a ciki ta miƙo mini. Na karɓa da hannu biyu.

Ta ce, "Ka daina kawo mini a leda, tana sa ta gumi. Ranar Alhamis ina jiran ka."